Bidiyon Beyar Mai Yunwa: Shari'ar Nicklen da Kamfanin Sinclair

A farkon watan Disamba na 2017 Paul Nicklen ya ɗora wani ɗan gajeren bidiyo a shafukansa na Instagram da Facebook. Nicklen ɗan ƙasar Kanada ne, masanin halittun ruwa, kuma ya daɗe yana ɗaukar wa mujallar National Geographic hotuna. Shi da abokiyar aikinsa Cristina Mittermeier suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar SeaLegacy mai fafutukar kare teku a 2014. Sun ɗauki bidiyon ne a tsibirin Somerset, can ƙuryar arewacin Kanada. Farin beyar ne a ciki, wannan ƙatuwar dabba da ke farautar namun ruwa a bisa ƙanƙara. Sai dai wannan babu sauran girma a jikinsa, ya zama ƙashi da rai. Yana tafe yana jan ƙafar baya a kan busasshiyar ƙasa, ya isa wani tsohon duron shara mai tsatsa, ya cusa kai ciki, ya tauna abin da ba abinci ba, sannan ya zube ƙasa.

A ƙarƙashin bidiyon Nicklen ya rubuta dogon bayani. Ya ce abin da ya gani ya tsaya masa a rai, ya roƙi masu bibiyarsa su ɗauki batun sauyin yanayi da gaske, a rage gurɓata iska, a daina sare dazuzzuka. Cikin wannan bayanin akwai jimla guda da yawancin masu kallo ba su ko lura da ita ba, alhali a kanta rigimar ta tashi daga baya: duk mai son amfani da bidiyon don kasuwanci ya tuntuɓi kamfanin Caters News ya karɓi lasisi. Wato tun ranar farko mai abu ya raba magana gida biyu. Kallo a shafinsa kyauta ne ga kowa. Ɗauka a nemi kuɗi da shi kuwa sai da izini.

Cikin 'yan kwanaki bidiyon ya karaɗe duniya. Kafofin yaɗa labarai da dama sun bi hanyar da ya nuna, domin a takardun ƙararsa Nicklen ya ce ya ba kafofi kimanin 20 lasisi a Amurka da wasu ƙasashe. Kamfanin Sinclair Broadcast Group bai bi ta nan ba.

Abin da Sinclair ya yi

Sinclair ba ƙaramin kamfani ba ne. Hedkwatarsa na jihar Maryland, kuma yana cikin mafiya girman masu gidajen talabijin na yankuna a Amurka, da tashoshi kusan 200 a lokacin, kowace da shafinta na intanet. Wajen 11 ga Disamba 2017 ya wallafa labari mai kanun da ke cewa wani beyar mai fama da yunwa ya karaɗe intanet a wani bidiyo mai sosa zuciya. A tsakiyar labarin ga bidiyon Nicklen nan ɗungurungum, daga farko har ƙarshe.

Yadda bidiyon ya shiga labarin shi ne abin da ya sa wannan shari'a ta fita daban. Sinclair bai sauke bidiyon a kwamfutarsa ya sake ɗora shi ba. Da haka ya yi, da babu doguwar magana, don kwafar aikin wani ba da izini ba keta haƙƙin mallaka ne kusan a ko'ina. Liƙa shi ya yi. Instagram da Facebook da YouTube duk suna da wannan hanya: edita zai je wurin saƙon, ya danna ɗigo ukun nan da ke gefe ko maɓallin rabawa, ya kwafo ɗan layin umarnin kwamfuta, ya manna shi a cikin labarinsa. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Idan mai karatu ya buɗe labarin, wannan layin ne zai umarci wayarsa ta je rumbun ajiyar Instagram ta ɗauko bidiyon ta nuna shi a daidai gurbin da edita ya tanada. Abin da mai karatu ke gani shi ne tambarin tashar a sama, kanun labari, sakin layi biyu ko uku, sai hoton beyar a tsaye da alamar kunnawa a tsakiyarsa, ga tallace-tallace a gefe da ƙasa. Ba ruwansa da inda fayil ɗin yake kwana. A shafin tashar ya kalla, a nan ya ɓata lokacinsa.

Lokacin nan kuwa shi ne haja. Shafin labarai na kasuwanci da idon mai karatu yake cin abinci: yawan waɗanda suka buɗe shafi da daɗewarsu a kai su ke jawo kuɗin talla. Ba abin da ke riƙe mai karatu irin bidiyon da duniya ke magana a kai. Saboda haka ba daidai ba ne a ce Sinclair ya taya Nicklen yaɗa saƙonsa kawai. Ya yaɗa ɗin, amma ya yaɗa shi a inda ribar kallon za ta faɗa aljihunsa. A cewar ƙarar, Nicklen ya aika wa kamfanin takardar neman a sauke bidiyon, amma aka bar shi a shafukan tashoshin. A ƙarshen 2020 ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Manhattan a birnin New York.

Adalci ne a faɗi cewa a ranar da aka wallafa labarin, editocin Sinclair suna da dalilin ganin ba su taka doka ba. Shekara 10 ke nan a lokacin ana tafiya kan wani hukunci na 2007. Wani kamfanin mujallar hotunan tsiraici mai suna Perfect 10 ya kai Google da Amazon ƙara saboda hotunansa da ke fitowa idan an yi bincike. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara, wadda ke kula da Kalifoniya da wasu jihohin yammacin Amurka, ta yanke cewa ba za a ce shafi ya nuna hoto ba sai in kwafin hoton yana ajiye a rumbun kwamfutar mai shafin. In dai nuni kawai ya yi wa na'urar mai karatu zuwa rumbun wani, to bai nuna komai ba a idon doka. Wannan ita ce ƙa'idar rumbu, kuma a kanta kafofin labarai na intanet suka gina al'adarsu ta liƙa duk abin da suka ga dama ba tare da tambayar kowa ba.

Ƙa'idar ta fara tsagewa ne wata biyu bayan labarin Sinclair. Wani mai suna Justin Goldman ya ɗauki hoton ɗan wasan ƙwallon Amurka Tom Brady a titi a 2016, ya sa a Snapchat, wasu suka kwashe suka kai Twitter, sai kafofi irin su Breitbart da Time suka liƙa saƙonnin Twitter ɗin a labaransu. A Fabrairun 2018 mai shari'a Katherine Forrest ta kotun New York ta ce liƙawar nuna hoto ce, duk inda fayil ɗin yake. Amma wannan hoto ne. Shari'ar Nicklen ce ta kawo tambayar kan bidiyo.

Gaban mai shari'a Rakoff

Lauyoyin Sinclair sun nemi a kori ƙarar tun kafin a shiga sauraron shaidu, da hujja biyu. Ta farko ƙa'idar rumbu: bidiyon bai taɓa sauka a kwamfutarmu ba, Instagram ne ke nuna shi. Ta biyu, ko da an ce mun nuna, labari muke bayarwa, kuma dokar Amurka ta halatta amfani da aikin wani bisa adalci ba tare da izini ba.

A ranar 30 ga Yulin 2021 mai shari'a Jed Rakoff ya ƙi korar ƙarar. Kan hujja ta farko ya koma ga nassin dokar haƙƙin mallaka ta 1976. Dokar ta ba mai aiki shi kaɗai ikon nuna aikinsa ga jama'a, kuma ta fayyace cewa nunawa ta haɗa da nuna kwafin aiki kai tsaye ko ta kowace irin na'ura ko hanya. Game da fim ko bidiyo, ta ce nuna hoto ɗaya daga cikinsa ma nunawa ce. To hoton beyar da ke tsaye a shafin kafin mai karatu ya danna komai, hoto ɗaya ne daga cikin bidiyon, kuma Sinclair ne ya sa shi ya bayyana a wurin. Rakoff ya ce babu inda dokar ta shardanta cewa sai ka mallaki kwafi ko ka ajiye shi a rumbunka kafin a ce ka nuna shi. Ya kuma nuna cewa lamarin Perfect 10 daban yake: can injin bincike ne, kuma sai mai amfani ya danna da kansa kafin cikakken hoto ya fito, alhali a nan kamfanin labarai ne ya zaɓi bidiyo ɗaya da gangan ya dasa shi a labarinsa.

Akwai wata hujja da lauyoyin kamfanin suka kawo wadda, a ganina, ita ta fi tona asirin yadda irin waɗannan kafofi ke kallon masu ƙirƙira. Suka ce ai iko na hannun Nicklen: in ba ya son a liƙa, ya cire bidiyon daga Instagram, nan take zai ɓace daga shafukanmu. A taƙaice amsar alƙalin ita ce, ba zai yiwu doka ta ba mutum ikon nuna aikinsa ga jama'a ba, sannan a ce ikon ya faɗi da zarar jama'ar suna intanet. Ya ce in aka bi ƙa'idar rumbu, mai hoton da ya tallata aikinsa a Instagram ko mai fim da ya sa gajeren fim ɗinsa a YouTube ya sallama ikon cewa wa zai nuna shi, yaushe, kuma ta yaya.

A duba abin da aka ba Nicklen ya zaɓa. Ko dai ya ɓoye bidiyon da ya ɗauka don duniya ta gani, ko kuwa ya bar shi a fili kowane kamfani ya ci riba da shi kyauta. Wannan daidai yake da maƙwabcin da ya fasa taga a katangarsa tana kallon tsakar gidanka, yana karɓar kuɗin kallo daga masu wucewa, da ka yi magana ya ce ai bai ɗauki ko tsinke daga gidanka ba, in ba ka so ka rushe gidan. Gaskiya ne bai ɗauki tsinke ba. Amma ba don tsinke masu kallon ke biyan kuɗi ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma Rakoff bai yi mata riƙon sakainar kashi ba. Dokar Amurka tana auna amfani bisa adalci da ma'auni huɗu. Na farko shi ne manufar amfanin, kuma a nan alƙalin ya ba Sinclair gaskiya: labarin yana magana ne kan yadda bidiyon ya bazu, wannan kuwa manufa ce daban da ta Nicklen, wanda ya ɗauka don ya nuna halin da dabbar ke ciki ya kuma zaburar da mutane. Ma'auni na biyu, wato irin aikin da aka ɗauka, bai rinjayar da kowane ɓangare sosai ba, tun da bidiyon yana nuna abin da ya faru ne a zahiri, an riga an wallafa shi, amma kuma akwai gwanintar mai ɗauka a ciki.

A ma'auni na uku da na huɗu ne kamfanin ya sha ƙasa. Na uku yana tambayar yawan abin da aka ɗauka, Sinclair kuwa duka ya ɗauka. In labarin bazuwar bidiyo kake bayarwa, me ya kai ka nuna shi daga farko har ƙarshe? Hoto ɗaya, ko hoton adadin waɗanda suka kalla, ya isa ya tabbatar da cewa ya bazu. Na huɗu yana tambayar illa ga kasuwar aikin, kuma a nan jimlar nan ta Caters News da jerin kafofin da suka biya suka yi aikinsu. Akwai kasuwa, ga shaidarta. In kowace kafa za ta iya liƙa cikakken bidiyo kyauta, wa zai sake biyan kuɗin lasisi? Alƙalin ya ce da ma'aunan a rabe haka, ba za a yanke batun a wannan mataki ba, sai an ci gaba da shari'a.

Wannan ma'auni na huɗu shi ne zuciyar lamarin a wurina, domin yana tona wata dabara da ta zama ruwan dare. Bidiyo ba ya da daraja a kasuwa sai ya bazu. Ranar da ya bazu kuma ita ce ranar da kafofi ke cewa bazuwar tasa labari ce, don haka suna da 'yancin nuna shi kyauta. Abin da ya ba aikin daraja ke nan aka mayar hujjar ƙin biyansa. Darajar kuma ba ta daɗewa. Mako ɗaya ko biyu ne duniya ke rububin bidiyo irin wannan, daga nan hankali ya koma wani wuri. Wanda aka cinye masa wannan makon, ko an sauke bidiyon bayan shekara biyu, an riga an gama da shi.

Kuma kasuwar ba ƙirƙirarta lauyoyi suka yi ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su nemo bidiyon da ya fara tashe, su tantance mai shi, su sayar wa kafofi da lasisi su raba kuɗin da shi: Caters News a Ingila, Jukin Media da ViralHog a Amurka, Storyful a birnin Dublin, wanda kamfanin yaɗa labarai na News Corp ya saya a 2013 kan dala miliyan 25. Kamfanin labarai mai tashoshi kusan 200 ya san da wannan hanya sarai.

Ba kuɗi kaɗai ne abin da mai aiki ke karewa ba. National Geographic ta fitar da bidiyon nan da rubutu a kansa mai cewa ga kamannin sauyin yanayi. Masana da mazauna yankin suka yi ca, suka ce ba wanda ya san abin da ya ramar da wannan beyar ɗin takamaimai, ƙila tsufa ne, ƙila ciwo. A fitowarta ta Agustan 2018 mujallar ta amsa cewa ta wuce gona da iri wajen ɗaure wannan dabba ɗaya da sauyin yanayi kai tsaye, Mittermeier kuma ta rubuta yadda labarin ya kuɓuce musu. Wannan fa kafar da suke aiki tare da ita ce. In saƙo zai iya karkacewa a hannun abokin aiki, ina ga hannun ɗaruruwan shafukan da ba su taɓa ko sallama ba? Sunan mai ɗaukar bidiyon ne ke shan suka a ƙarshe, ba na shafin da ya liƙa ba.

Maganar lasisi

Mai karatu zai iya tambaya, kuma tambaya ce mai kyau: ba Instagram ne da kansa ya samar da hanyar liƙawar ba? Wanda ya buɗe shafi a can ai ya amince da sharuɗɗansu, sharuɗɗan kuwa sun ba kamfanin lasisin amfani da abin da ka ɗora a duk duniya, ba tare da biyanka ba, har da ikon miƙa lasisin ga wasu. Shin wannan bai wanke duk mai liƙawa ba?

An gwada wannan hujja a wata shari'ar, wadda sunan mai ƙararta ya zo ɗaya da na kamfanin, amma ba su da alaƙa. Stephanie Sinclair 'yar jarida ce mai ɗaukar hoto. A 2016 shafin Mashable ya nemi amfani da wani hotonta, ya yi mata tayin dala 50, ta ƙi. Sai kawai suka je shafinta na Instagram suka liƙo hoton. A Afrilun 2020 mai shari'a Kimba Wood ta kori ƙararta, bisa cewa Instagram ya riga ya miƙa wa Mashable lasisi ta sharuɗɗansa. Ba a yi wata biyu ba, a watan Yuni, Instagram ya shaida wa kafar Ars Technica cewa sharuɗɗansa sun ba shi ikon miƙa lasisi, amma bai miƙa wa masu liƙawa ba, kuma su nemi izini daga mai abu. A cikin watan dai alƙaliyar ta dawo da ƙarar. Abin da ya fi ci mini rai a wannan labarin shi ne tayin dala 50 ɗin. Sun san izini ake nema, sun nema, an hana su, suka zagaya.

YouTube daban yake, kuma ya kamata mai ɗora bidiyo ya san da haka. Sharuɗɗansa sun fito fili sun ba sauran masu amfani izinin kallo da yaɗa bidiyonka ta hanyoyin da manhajar ta tanada, har da liƙawa, kuma akwai gurbin da mai bidiyo zai kashe liƙawar in ba ya so. Saboda haka wanda ya liƙa bidiyonka na YouTube alhali ka bar gurbin a buɗe, yana da hujjar da mai liƙa na Instagram ba shi da ita. Izinin kuma iyakarsa na'urar kunnawa ta YouTube. Bai haɗa da sauke bidiyon a sake ɗora shi da tambarin wani ba.

Masu sukar hukuncin Rakoff suna da magana mai nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Ƙungiyoyin kare 'yancin intanet irin su Electronic Frontier Foundation sun daɗe suna gargaɗin cewa liƙawa da nuni zuwa shafukan wasu su ne tubalin da aka gina intanet da shi. Malami yana liƙa bidiyo a shafin darasi, ƙaramin marubuci yana liƙa saƙon ɗan siyasa don ya yi masa raddi. Mai liƙawa sau da yawa ba shi da hanyar sanin ko wanda ya ɗora abin shi ne mai shi, kamar yadda ya faru da hoton Goldman. Diyyar da dokar Amurka ta tanada kuma ba wasa ba ce: daga dala 750 zuwa 30,000 kan kowane aiki, tana iya kaiwa 150,000 in an tabbatar da ganganci. Tsoron wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin ƙananan shafuka, manya kuwa suna da lauyoyi.

Na yarda da damuwar, amma ban yarda ƙa'idar rumbu ce maganinta ba. Malami da mai raddi suna da kariyar amfani bisa adalci, wadda aka tanada domin irinsu. Inda manhaja ta ba da izini a fili, izinin ya wadatar. Abin da ƙa'idar rumbu ke yi shi ne ta hana a ma yi tambayar tun daga tushe. Ba ta duba wa ya liƙa, don me, nawa ya ɗauka, wa ya yi asara. Tana duba abu ɗaya tak, inda fayil yake ajiye, abin da mai kallo bai sani ba, mai talla bai damu da shi ba, kuma bai rage wa mai aiki asarar ko sisi ba. Tana sa malamin makaranta da kamfani mai tashoshi 200 a ma'auni ɗaya ta wanke su tare. Hukuncin Rakoff bai ce Sinclair ya yi laifi ba. Ya ce ne kawai a zauna a duba, kuma abin da ya dace ke nan.

Inda aka kwana

Ba a kai ga dubawar ba. Ɓangarorin biyu sun sasanta a wajen kotu, don haka ƙarar ba ta je kotun ɗaukaka ƙara ba, hukuncin kuma ya tsaya a matsayin ra'ayin kotun matakin farko, wanda bai ɗaure sauran alƙalai ba. A can yamma ƙa'idar rumbu na nan da ranta. A Yulin 2023, a ƙarar da masu ɗaukar hoto Alexis Hunley da Matthew Brauer suka kai Instagram, kotun shiyya ta tara ta ce hukuncin 2007 yana nan daram, ya kuma shafi liƙawa a shafukan labarai. Ke nan aiki iri ɗaya, a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya, halal ne a Kalifoniya, a New York kuwa yana iya kai ka gaban alƙali.

Turai ta bi wata hanyar. A 2014, a shari'ar BestWater, wadda ita ma kan bidiyon YouTube ce da 'yan kasuwa suka liƙa a shafukansu, kotun Tarayyar Turai ta ce liƙa abin da ke buɗe ga kowa ba isar da shi ga sababbin masu kallo ba ne. A Maris ɗin 2021 ta ƙara da cewa in mai abu ya sa shingen fasaha na hana liƙawa, wanda ya tsallake shi ya keta haƙƙi. Nauyi ya koma kan mai aiki: sai ya kulle kafin doka ta tsaya masa.

Akwai abubuwan da Nicklen ya riƙe waɗanda yawancin masu ɗora bidiyo ba su da su, kuma su ne suka sa ƙararsa ta tsaya da ƙafafunta. Ya rubuta sharaɗin lasisi a jikin saƙon tun ranar farko, don haka ba wanda zai ce bai sani ba. Yana da wakili mai karɓar kuɗi da jerin waɗanda suka biya, don haka asarar ba zato ba ce. Ya kuma yi wa bidiyon rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka. A ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Berne kan haƙƙin mallaka, haƙƙi yana tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai da rajista ba, amma a kotunan Amurka ba a samun waccan diyya ta musamman ko kuɗin lauya sai an yi rajista kafin a keta haƙƙin, ko cikin wata 3 da wallafawa, kuma wannan sharaɗi ya hau kan baƙi kamar yadda ya hau kan 'yan ƙasa. Mai bidiyon da ya bazu yau, in ya bari sai ya ga ɓarna sannan ya nemi rajista, abin da zai iya nema bai wuce ainihin asarar da zai iya lissafawa da ribar da aka ci da aikinsa ba, wannan kuwa sau da yawa bai kai kuɗin shigar da ƙara ba. Tun 2022 akwai wata ƙaramar hukuma a ofishin haƙƙin mallakar da ke sauraron ƙananan koke-koke ta intanet, iyakar diyyarta dala 30,000, sai dai wanda ake ƙara yana da damar cewa ba zai shiga ba.

Wakilan lasisin ma sai an karanta takardarsu da idon basira. Da yawa suna neman ikon su kaɗai a kan bidiyon, wani lokaci na tsawon shekaru, har mai shi ya wayi gari ba shi da ikon sayar wa kowa da kansa. Saƙonsu kan zo ne a daidai sa'o'in da bidiyo ke tashe, lokacin da mai shi ke cikin ɗoki, ga saƙonni na shigowa ta ko'ina.

Instagram kuwa, bayan matsin lambar ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto na Amurka, ya ƙara maɓallin hana liƙawa a Disambar 2021, wata biyar bayan hukuncin Rakoff. Ga duk shafin da ke buɗe ga jama'a, liƙawar a kunne take zuwa, mai shafin ne zai shiga saituna ya kashe ta da kansa.